Yankan wuƙa ko na ƙarfe: me kuke fara yi kafin asibiti?

Maman 'yan biyu, Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya 'yata tana yanka albasar miyar waakye, wato shinkafa da wake, wuƙa ta zame ta tsaga mata babban yatsa. Kafin in fito daga ɗaki maƙwabta sun taru, wannan ta ce a zuba toka, waccan ta ce gishiri, wata har ta miƙo man goge baki. Ni dai na danne wurin da tsumma mai tsabta, hannuna na rawa. Jini ya tsaya, amma raina bai kwanta ba. Ku da abin ya taɓa samu, yaya kuka yi?

Makanike, Suame Magazine (unguwar makanikai a Kumasi): Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu a wurinmu man birki ne magani, haka muka tarar. Ina yaron shago bakin langa-langa ya yanke ni a tafin hannu, maigidana ya tsiyaya min man birki, ya ɗaure da ƙyallen goge inji. Ba da mugunta ya yi ba, shi ma haka aka yi masa. Kwana 3 hannu ya kumbura suntum, ga zogi, ga zazzaɓi. Sai da aka tsaga aka matse mugunya a asibiti, aka yi min allurar tetanos. Mako 3 ban riƙe sifana ba, ga iyali na jiran kuɗin cefane. Yanzu akwai gwangwanin Milo a shagona, cikinsa bandeji, filasta, aidin da sabulu. Na hana yarana man birki har abada.

Nas, Asawase: Hajiya, abin da kika yi shi ne daidai. A danne minti 10 cif, da agogo, a ɗaga hannun sama da ƙirji. Idan tsumman ya jiƙe kada a cire, a ɗora wani a kai. Jini ya tsaya, sai a kwarara ruwa mai tsabta. In babu famfo, a fasa ledar pure water biyu. Sabulu a gefe-gefe kawai. Ban da auduga, zarenta yana maƙalewa a ciwo. Amma idan jini na tsartuwa, ko ya ƙi tsayawa, ko bakin ciwon ya buɗe, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa ko ya mutu murus, wannan ya wuce gida. A tafi nan take, ɗinki ya fi kamawa cikin awa 6 na farko. In abin ya yi tsanani a kira 112.

Mai cincinga, Alabar: Anti nas, kin taɓo ni. Kullum sai in ɗaga in leƙa ko ya tsaya, ashe ni nake tayar da shi.

'Yar Baba, Sabon Zongo: Don Allah masu tsofaffi a gida ku ji wannan. Babanmu yana da ciwon suga. Ya taka fasasshiyar kwalba a hanyar alwala, bai ma ji ba, sai jini muka gani a silifas ɗinsa. Muka wanke, muka ɗaure, kullum yana cewa ba ya masa zafi, mu kuma muka ɗauka sauƙi ne. Ashe sugan ne ya kashe masa jijiyoyin ƙafa. Mako 2 wurin ya yi baƙi ya fara wari. A asibitin Komfo Anokye aka ceto ƙafar, amma yatsa ɗaya ya tafi. Yanzu kowane dare bayan isha'i nakan haska masa tafin ƙafa da tocilan waya, har tsakanin yatsu.

Nas, Asawase: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Hajiya, na manta: yaushe aka yi mata allurar tetanos ta ƙarshe? In ta wuce shekara 10 a sake. In ciwon mai datti ne, irin na ƙusa ko ƙasa, shekara 5.

Maman 'yan biyu, Aboabo: Na gode 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Yanzu na sa ta lanƙwasa yatsan, yana motsi, tana jin taɓawa, babu kumburi. Allurar kuwa tun tana goye, ga shi shekararta 16. Na ciro katinta na inshorar lafiya ta NHIS, gobe da safe za mu je asibiti.