Takalmi Ruwan Zoɓo: Abin da Aka Tattauna

Jiya a majalisarmu wani ango ya nemi shawara kan sau-ciki mai launin zoɓo, wato ja mai duhu. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, ga abin da na tsinta.

An fi daɗewa kan kayan da zai hau. Duk an yarda ya fi haskawa da wando shuɗi mai duhu ko ruwan toka. A kan farar shadda kuwa ba a magana, musamman idan hular tana da ɗan zare ja a aikinta. Baƙin wando ne aka yi saɓani a kansa. Ni dai ina ganin yana kashe launin.

Wajen saye, a zaɓi fata ta gaske, a kuma gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Bel ya kusanci launin takalmin.

Wani dattijo ya ja kunne: kada a bar shushaina ya shafa masa baƙin mai, domin zai dusashe jan. A nemi mai irin launinsa ko marar launi, a riƙa shafawa sosai lokacin hunturu kada fatar ta tsage.