Yaya zan tattara hankalina a lokacin sujada?

'Yan'uwa a cikin Almasihu, ina neman shawararku a kan abin da ya daɗe yana damuna. Ina sayar da yadi a babbar kasuwar Sakkwato, kuma ba na fashin sujadar Lahadi, amma da zarar fasto ya fara wa'azi sai zuciyata ta koma shago, ina lissafin bashin da ake bina da kuɗin makarantar yara, har a yi addu'ar rufewa ban riƙe ko aya ɗaya ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake tsananta, gyangyaɗi ma yakan haɗu da wannan.

Na gwada kashe waya, na koma kujerar gaba, na kuma fara tashi da asuba domin karanta Zabura. Abin ya yi sauƙi na mako biyu, sannan ya dawo. Duk sa'ad da na karanta labarin Marta da Maryamu a Luka 10, sai in ga kaina a wurin Marta, kuma hakan yana ba ni kunya ƙwarai.

Waɗanda suka taɓa fama da wannan, me kuka yi tun daren Asabar da ya taimake ku?