Idan koci ba ya bakin fili: abin da muka tattauna kan Kansas

Ga abin da na tsinto daga doguwar muhawararmu kan ko ƙungiya na jin rashin kocinta, bisa misalin rashin Bill Self, kocin ƙungiyar jami'ar Kansas, a gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka a Maris 2023, lokacin da ciwon zuciya ya kwantar da shi.

1. Kusan kowa ya yarda tsarin wasa ba ya rushewa cikin mako guda. Norm Roberts, mataimakinsa, ya riƙe ƙungiyar, suka lallasa jami'ar Howard 96-68.

2. Inda giɓin ke fitowa shi ne mintunan ƙarshe: yaushe za a tsayar da wasa, wa za a sauya idan laifuffukansa sun taru. Jami'ar Arkansas ta fitar da su 72-71, maki ɗaya tak, alhali Kansas ce ke riƙe da kofin 2022. Wannan ya tsaya mini a rai har yau.

3. Inda aka rabu shi ne ko mataimaki zai iya cike gurbin koci. Wasu sun kawo misalin jami'ar Michigan ta 1989, da mataimaki Steve Fisher ya karɓi ragamarta ana gab da fara gasar kuma ya ci kofin. Wasu suka ce jami'ar Duke ta 1995 ko gurbin gasar ba ta samu ba bayan jinya ta janye kocinta Mike Krzyzewski.

4. Shawarar da ta fi yawa: a riƙa bar wa mataimaki ragamar wasu atisaye tun farkon kaka, 'yan wasa su saba da muryarsa.