Ƙanwata mai sikila, an ce ana zargin hawan jinin huhu: wane likita za mu gani?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ƙanwata mai shekara 24 tana da sikila, kuma kusan wata takwas ke nan da zarar ta ɗan yi tafiya sai haki ya kama ta, har shara ta gagare ta. An daɗe ana ba ta maganin asma babu sauƙi, sai da ƙafafunta suka fara kumbura aka yi mata hoton zuciya na eko, aka rubuta cewa ana zargin hawan jinin huhu. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, duk lokacin da aka auna jininta a hannu, lafiya lau yake. Wani mai kyamis ya ce mu fara ba ta sildenafil. Mu fara ne, ko akwai likitan da ya kamata ya gan ta tukuna?

Malamin Jinya:
Wa alaikumussalam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Awon hannu ba ya nuna wannan ciwo, domin jinin yana hawa ne a jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu, kuma idan ɓangaren ya gaji da turawa, a nan kumburin ƙafa yake farawa. Shi ma eko kirdado yake yi, musamman ga masu sikila, waɗanda ƙarancin jini ke sa zuciyarsu bugawa da ƙarfi, ta yadda da yawa daga waɗanda eko ya nuna a kansu, idan aka zurfafa bincike sai a tarar ba su da ciwon. Abin da ke tabbatarwa shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar wuya ko ta matsematsi har zuwa zuciya a auna kai tsaye, kuma bisa ƙa'idar da likitocin Turai suka fitar a 2022, matsakaicin awon da ya haura 20 shi ne ciwon. Ki nemi takardar turawa zuwa sashen zuciya na asibitin koyarwa, kamar na Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ki tambaye su inda ake wannan awo.

Ɗan Zazzau:
Maganar kyamis ɗin nan ku ajiye ta gefe. Gaskiya ne ana ba wasu masu hawan jinin huhu sildenafil, amma a 2009 an dakatar da wani gwaji a Amurka saboda masu sikila da suka sha shi sun fi sauran yawan kwanciya asibiti da ciwon ƙashi. Hawan jinin huhu iri biyar ne, kuma sai an san musabbabi ake zaɓen magani, ko ciwon zuciya ne, ko na huhu, ko gudan jinin da ya toshe jijiya, ko ma tsargiya. Ga mai sikila, likitan jini yakan fara da gyara sikilar kanta, da maganin haidroksiyuriya ko ƙarin jini, don haka dole likitan jini da na zuciya su haɗa kai.

Maman Inna:
'Yar'uwa, ni ma da hawan jinin huhun nake rayuwa, ko da yake nawa daga zuciya ya samo asali. Ku tafi da duk tsofaffin takardun gwajinta. Idan tana da aure, ku je da mijin ya ji da kunnensa, domin juna biyu na da haɗari ƙwarai ga mai wannan ciwo.

Uwar Biyu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Bayan Sallah za a ɗaura mata aure, saboda haka ranar Litinin za mu koma wurin likitan sikilarta mu karɓi takardar.