Alƙaluman sare dajin Amazon sun ƙi haɗuwa, ina na kuskure?

Ɗalibar Taswira: Assalamu alaikum. Ina aikin kammala digiri kan raguwar dazuzzukan da ke yankuna masu yawan ruwan sama. Na ɗauko alƙaluman Amazon na Brazil daga Global Forest Watch, shafin sa ido kan dazuzzukan duniya, na kuma ɗauko na PRODES, shirin auna sare daji da tauraron ɗan'adam na INPE, hukumar binciken sararin samaniya ta Brazil. Daji ɗaya, shekara ɗaya, amma sun ƙi haɗuwa. Kwana uku ke nan ina maimaita lissafi, har na fara zargin kwamfutata. Wanne zan gaskata?

Dattijon Landsat: Wa'alaikumus salam, ƴata. Ƙyale kwamfuta, ba ta da laifi. Ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. PRODES, tun 1988, wurin da aka share dajin asali ƙarƙaf yake lissafawa, bisa ƙa'ida fili sai ya kai hekta 6.25, kuma shekararsa daga Agusta take zuwa Yuli. Global Forest Watch kuwa da bayanan Jami'ar Maryland yake aiki: duk inda bishiyoyi suka ɓace ya shiga lissafi, ko gobara ce ta ci, ko gonar itace aka girbe. Duba 2016, shekarar da gobara ta yi ta'adi a Amazon, za ki ga nasu ya yi tsalle, na PRODES bai bi shi haka ba.

Mai Auna Itace: Malam ya gama magana kan wannan. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dajin da aka lalata ba a share ba. Na taɓa shiga wani yanki da hoton sama ya nuna kore shar. A ƙasa fa? Kututture sabon yanka, hanyar da aka ja gungume, rana tana dukan busasshen ganye. An tsince manyan itatuwa ɗaya-ɗaya. Ɗigo guda a hoton tauraron ɗan'adam na Landsat fili ne mai faɗin mita 30 a ƙasa, don haka ƙaramin gurbi ba ya fitowa sosai, kuma cikin shekara ɗaya ko biyu ƙananan bishiyoyi da kurangar daji sun toshe gurbin. In gajimare ya rufe lokacin da tauraron ya wuce, shi ke nan, an yi an gama ba shaida. Ƴar'uwa, nemi taswirar cibiyar bincike ta Tarayyar Turai, JRC, ita ta raba sarewa da lalacewa tun daga 1990. Radar ɗin tauraron Sentinel-1 kuma gajimare ba ya tare shi.

Ɗalibar Taswira: Allah Ya saka da alheri. Wato babin farko ma sai na sake shi. Malam, in zan kwatanta 2004 da 2012 fa?

Dattijon Landsat: Tsaya kan PRODES kaɗai: murabba'in kilomita 27,772 a 2004, ya sauko 4,571 a 2012. Rubuta a ƙarƙashin jadawalin cewa sharewa ƙarƙaf ce kawai, tun kafin mai duba aikinki ya tambaya.