An kori afil ɗina ba a ma saurare ni ba, akwai sauran hanya?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu ilimin shari'a a taimaka mani. Ni ɗan kasuwar hatsi ne nan Katsina, na ba wani bawan Allah masara buhu 400 bashi, daga Dandume na ɗauko ta da kuɗin mutane a ciki, kafin ya biya sai aka ce ya karye, maganar ta tafi Babbar Kotun Tarayya. Na kai takardun bashina, wanda aka ɗora kan dukiyar ya ƙi amsa wai rasit ɗina bai isa hujja ba, kotu ma ta bi bayanshi. Kuɗin lauya sun ƙare mani sai na ɗaukaka ƙara da kaina, na shigar da notis cikin wata uku yadda aka ce, na biya kuɗin haɗa rikod, wato kundin takardun shari'ar da za a tura kotun ɗaukaka ƙara, na koma gida ina jiran a kira ni. Shiru shiru har wata bakwai, da na je bincike sai rajistara ya ce ai an kori afil ɗin tuni saboda ban shigar da burif ba, wato rubutaccen bayanin hujjojin afil ɗin. Wallahi ban taɓa samun takardar kiran zama ba, ko saƙon waya. Masara ta tafi, masu kuɗi kullum suna ƙofar gidana, kuma ko baki ban buɗe ba gaban alƙalai. Mi ya kamata in yi?

Baristan Daura:
Wa alaikumus salam. Alhaji Allah shi mayar da alheri. Gobe-goben nan ka je rajistiri ka nemi kwafin hukuncin mai hatimi, don kalmar da aka rubuta ita ce komai. In cire ƙarar aka yi daga jerin shari'u, da moshan, wato takardar roƙon kotu, ana maido ta. In kuwa korarta aka yi kan rashin burif to da nauyi, ƙa'idar kotun ɗaukaka ƙara ta ba mai afil kwana 45 daga ranar da ya amshi rikod, kuma Kotun Ƙoli ta sha faɗi cewa irin wannan korar ta ƙarshe ce, kotun da ta yi ta ba ta iya dawo da ita.

Amma maganar da ka yi ta rashin takardar kira ita ce ƙofarka. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma zaman da aka yi ba a sanar da mutum ba, ita kanta kotun na da ikon rushe abin da ta yanke a cikinshi. Don haka ka roƙi a buɗe maka fayil ka duba shaidar isar da takarda, wa aka ba, a wane adireshi, wace rana. Sau da yawa sai ka tarar ofishin tsohon lauyan mutum aka kai, ko lambar wayar da ya daina amfani da ita aka tura ma saƙo. Wane adireshi ka rubuta a notis ɗinka?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Barista shagona na rubuta, amma na tashi daga wurin bayan sallar layya, ban san ana sanar da kotu ba.

Baristan Daura:
To nan ɗaya ɓangaren zai kama ka, za su ce sun kai inda ka ce a kai. Duk da haka duba ko an kai ɗin da gaske kuma wa ya sa hannu. Ka rubuta komai a takardar rantsuwa yadda ya faru, har tashin naka daga shagon, kar ka ɓoye. Kuma kar ka zauna, zuwa Kotun Ƙoli ma wata uku ne daga ranar hukunci, in ya wuce sai ka nemi ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi. Wannan matakin kam kar ka yi shi kai kaɗai Alhaji, ko a rubutun moshan ɗin kaɗai ka sa lauya, ka tuntuɓi ƙungiyar lauyoyi reshen Katsina akwai masu yi kyauta.

Maman Khalifa:
Kai wannan abu da ciwo yake, maigidana ma haka ta faru da shi kan kuɗin siminti, kwana tara kacal ya makara. Mutum bai yi boko mai zurfi ba ta ina zai san wani kwana 45, ai da sai a riƙa gaya ma wanda ba shi da lauya tun ranar da ya amshi rikod ɗin. Allah shi fidda kai baba.

Malam Na Rafindaɗi:
Alhaji a fiƙihu wanda ya tarar da kayanshi da idonsu wurin muflisi, wato wanda ya karye, shi ya fi kowa haƙƙi da su, hadisin na cikin Bukhari da Muslim. Na san kotun tarayya ba da wannan take aiki ba, amma in akwai sauran masarar a sito ka gaya ma lauyan, sannan ka sa dattawan kasuwa su zauna da mutumin, karyewa ba ta sauke mashi bashi wurin Allah.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Masarar kam ya sayar tun kafin damina Malam. Na gode ƙwarai, ranar Litinin in sha Allah zan je in nemi kwafin in duba fayil ɗin. Barista in na samu zan ɗauki hoton shafin in turo maka ka karanta mani kalmar.