Gidan harhaɗawa daga Chana: ta ina zan samo kuɗin?

Abu Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da fili a bayan garin Kaduna, takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa. Ina son irin gidan nan da ake kawowa daga Chana cikin kwantena, ginshiƙan ƙarfe da allunan bango, a harhaɗa a kan fandisho. Masu ƙerawa na son kafin alƙalami, sauran kuma kafin a loda wa jirgi. Shekara 9 ke nan ana cire min kashi 2.5 na NHF, wato asusun gidaje na ƙasa, a albashi. Bashinsu zai ɗauki wannan?

Maman Walid: Wa alaikumus salam. Ka shiga adashe, ka riƙa sayen bulo kana ajiyewa. Haka muka gina namu.

Malam Sabo: Kuɗin ruwan NHF kashi 6 ne, biya har shekara 30, kuma ta bankin jinginar gidaje ake nema. Sai dai za su tambaye ka takardar mallaka ta gwamnati. Sannan banki abin da ke tsaye a fili yake gani, kayan da ke tsakiyar teku ba jingina ba ne.

Baban Zara: Ɗana, ka saurare ni. Na biya kafin alƙalami farkon 2023. Watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi, cikon da zan biya ya kusa ninkawa. Na sayar da motata. Kwantena ta iso Legas, wanda na wakilta ya daina ɗaga waya, kuɗin kwanan kwantena a tashar jirgi na ta hawa. Da kaya suka iso, akwatin kusoshi babu. Allunan nan sun yi damina guda a ƙarƙashin tamfol, awakin maƙwabta na kwana a kai. Har yau idan na wuce wurin gabana faɗuwa yake.

Maman Walid: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Baba.

Injiniya: Mai ɗaki biyu da falo, miliyan 18 ya ishe ka.

Baban Zara: Miliyan 18? Ni na haura 30, ban ja wuta ba, ban haƙa masai ba.

Injiniya: Kai dai ba ka dace da wakili ba, Baba.

Malam Sabo: Injiniya, ka taɓa kafa ko guda ɗaya da kuɗinka? Wanda ya sha wuya shi ya san ta.

Ɗan Zariya: Gidan ƙarfe a watan Afrilu? Ka tanadi yaji da albasa, tsire za a yi da kai.

Ummu Salma: Ni abin da ya dame ni, kowa na ta lissafin kashi 6, ba wanda ya tuna riba ce. Ga bankunan Musulunci, Jaiz da TAJ, ka je ka tambaye su tsarin istisna'i (banki ya sa a ƙera maka, ka riƙa biyansa) ko murabaha (banki ya saya ya sayar maka a kan farashin da kuka amince).

Malam Sabo: Su ma takardar filin za su fara nema, Hajiya.

Maman Walid: Takardar nan ita ce ciwon. Shekara 4 fayil ɗin maigidana na ofishin filaye. Duk zuwa sai a ce saura sa hannu ɗaya.

Ɗan Zariya: Namu cewa aka yi ya ɓata, mu sake biyan kuɗin awo.

Abu Hanifa: To ni yanzu in fara bin takardar ne, ko in riƙe kuɗina? Baba, wane watan kwantenar taka ta iso?